Tsohon babur a Hor Al Anz: yadda ake bin sawun matsalar waya da maleji kafin a kashe kuɗi



Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu ɗan Aboabo ta Kumasi, mai aikin gadi a nan Dubai, ya same ni a wurin shan karak a Hor Al Anz bayan sallar Isha, ransa a ɓace. Ya daɗe yana tara kuɗi har ya sayi tsohon babur, moto kamar yadda muke cewa a gida, ƙirar Honda CB350, irin wanda aka yi tsakanin 1968 da 1973. Mahaifinsa ya taɓa hawan mai kama da shi, shi ya sa ya ƙwallafa rai. Cikin sati guda saƙon tara ya shigo masa waya har sau biyu, dirhami 600 kowanne, duka a kan titin Al Ittihad, hanyar Sharjah. Ya rantse mini allurar maleji ba ta taɓa wuce 65 ba, titin kuwa 80 ne iyakarsa.

Muka je inda ya ajiye babur ɗin, na haska fuskar malejin da fitilar waya. A ƙasan allura an rubuta MPH da ƙananan haruffa. Babur ɗin daga Amurka aka kawo shi, mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil 65 kusan kilomita 105 ne. Tun watan Nuwamba 2023 aka rage gudun wannan yanki na Al Ittihad daga 100 zuwa 80, kyamarar Dubai kuma tana ɗaukar wanda ya haura iyaka da fiye da kilomita 20. Malejin bai yi ƙarya ba, mai shi ne bai ji yarensa ba. Kuɗin da za a aika wa iyali a gida ya tafi a haka.

Ba nan abin ya tsaya ba. In ya taka birki da dare sai fitilar baya ta dushe, sigina ta riƙa lumshe ido ita kaɗai. Wani mai gyara ya ce masa sai an canza wayarin gaba ɗaya, da batir, da kwayil. Mun gyara shi washegari da guntun samfefa da waya mai tsawon kamu biyu.

Na koyi aikin wutar mota a Suame Magazine kafin neman abinci ya kawo ni nan, kuma abin da mastana ya dasa mini a kai shi ne nake so in raba da ku. A tsohon babur, manyan kaya masu tsada ba kasafai suke mutuwa ba. Hanyar da ke tsakaninsu ce ke lalacewa: bakin waya, mahaɗi, noti mai tsatsa, kebul da ya bushe. Wanda ya iya bin hanyar nan taki bayan taki, da wuya ya sayi abin da bai kamata ba.

Abin da garin nan yake yi wa waya

Babur ɗin da ya yi shekara arba'in lafiya lau a Tamale ko Kano, yana iya rikicewa a bazara biyu a Deira. Daga Yuni zuwa Satumba wani lokaci zafi yakan haura digiri 45, kuma ba busasshen zafi ba ne irin na Arewa. Muna kusa da teku, iska tana ɗauke da laima da gishiri. Da asuba za ka tarar da kujerar babur a jiƙe kamar an yi yayyafi. Wannan laimar tana shiga cikin mahaɗan wayoyi, ta bar wani kore-koren gari a jikin tagulla. Rana kuma ta gasa robar waya har ta yi tauri, in ka lanƙwasa ta sai ta tsage. Ga ƙurar yashi da ke haɗuwa da giris ta zama kamar samfefa. Yawancinmu a Hor Al Anz ba mu da gareji, a waje babur yake kwana. Ko murfin leda ka rufa masa, ka bar iska ta riƙa shiga ta ƙasa, don ledar da ta toshe ko'ina tara gumi take yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Mitar gwajin wuta, ko mai araha ce ta wadatar. Ƙwan fitila guda da aka liƙa wa wayoyi biyu. Doguwar waya mai ɗan maƙali a kowane baki. Samfefa mai laushi, sukudireba, filaya, sifana 8 da 10. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton wayoyin da wayarka yadda ka same su. Kafin ka kwance wani abu, cire kan batir da ke zuwa jikin ƙarfen babur. In za ka ɗaga tanki, rufe famfon fetur, kuma kada mai sigari ya tsaya a kanka. Kada a yi cajin batir a ɗakin da mutum shida suke kwana da taga a rufe, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

A fara da batir

Tambaya ta farko: babur ɗinka bolt 6 ne ko bolt 12? Honda CG125 na farko, wanda ya fito a 1975, da tsofaffin C50, C70 da C90, bolt 6 ne. Daga baya aka mayar da su 12. Na ga wanda ya sa wa mai bolt 6 batir mai 12 saboda shi ne ya samu a shago, ƙwayayen fitilu suka ƙone a take.

Batir mai bolt 12 in ya cika ya huta, mita za ta nuna kusan 12.6. Mai bolt 6 kuma kusan 6.3. Amma lambar da ya nuna yana zaune ba ta isa shaida ba. Buɗe makulli, taka birki, danna hon, kana kallon mita. In lambar ta rufto ƙasa sosai, batir ya gaji ko da ya nuna cika da farko. Sannan tayar da inji, ƙara wuta kaɗan. Mai 12 ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, mai 6 ya kai wajen 7. In bai motsa ba, caji ba ya zuwa. In ya wuce 15 yana ta hawa, dafa batir ake yi.

Akwai wani abu game da ƙananan tsofaffin baburan nan da yaran yanzu ba su sani ba. Da yawansu ba su da regileta sam. Maganeto yana ba fitilar gaba wuta kai tsaye, sauran kuma ya bi ta rektifaya ya shiga batir, batir ɗin ne yake shanye rarar wutar. Shi ya sa CG na farko yake tashi da kik ko babu batir, sai mai shi ya ce ai batir ba dole ba ne. Kwana biyu sai ƙwan fitila ya fara ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. In na gaba ya mutu, wutar da yake ci sai ta taru a kan na baya, shi ma ya bi shi. Duk wanda ya ce mini yana canza ƙwai kowane sati, ba na duba fitila, batir nake dubawa. Kuma irin wannan babur ya fi son batir mai ruwa, wanda ake buɗe murfinsa. Rufaffen batir na zamani ba ya jure cajin da ba a daidaita ba, kumbura yake yi. Mai ruwan kuma a zafin nan a duba shi duk sati biyu, a ƙara masa ruwan batir na kwalba, ba na famfo ba, ba asid ba.

In batir sabo ne amma yana kwana ya wayi gari babu wuta, kashe makulli, cire kan da ke zuwa jikin babur, ka sa ƙwan gwajinka tsakanin kan batir da wayar da ka cire. In ya kama, ko da ja-ja ne, wani abu yana shan wuta a ɓoye. Cire mahaɗai ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. Sau da yawa tsohuwar rektifaya ce, mai faranti-faranti ɗin nan, ta tsufa tana barin wuta ta koma baya. Ta zamani ba ta da tsada kuma ta fi ta aiki.

Hanyar komawa

Nan ne zan daɗe, don nan ne rabin matsalolin suke. Wuta ba ta aiki sai ta fita daga batir, ta ratsa fitila, ta koma batir. Kowa yana bin hanyar zuwa, ana mantawa da ta komawa. A babur, ƙarfen jikinsa shi ne hanyar komawa, abin da masu gyara suke kira at. Fitilar baya tana ɗaure a madigadi, madigadi yana ɗaure a firam da noti biyu ko uku. In tsatsa ta shiga tsakaninsu, ko an yi sabon fenti mai kauri, hanya ta toshe. Wutar kuwa ba ta haƙura, sai ta nemi wata ƙofa, ta bi ta cikin ƙwan sigina ko na fitilar dare ta koma. Shi ne za ka ga abin mamaki: ka taka birki sigina ta kama, ka sa sigina fitilar baya ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Wasu har su ce an yi wa babur asiri. Tsatsa ce.

Gwajin ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ɗauki doguwar wayarka, maƙala baki ɗaya a kan batir na at, ɗaya bakin ka taɓa ƙarfen gidan ƙwan da ke rikici. In fitila ta washe nan take, ka kama ɓarawo. Abin da ya faru da CB350 ɗin ɗan'uwanmu ke nan. Wanda ya sayar masa ya fesa wa madigadi fenti don ya yi kyau a ido. Muka kankare wurin noti har ƙarfe ya yi fari, muka ja waya ta musamman daga fitilar zuwa firam, muka shafa giris kaɗan a kai don laima.

Bayan at, sai mahaɗai. Buɗe kwanon fitilar gaba, za ka ga wayoyi cunkushe kamar taliya, kowace da ɗan kan tagulla da ke shiga cikin ɗan'uwansa. Kada ka cire su duka lokaci guda. Ɗaya za ka zare, ka goge shi har ya yi haske, ka ɗan matse macen da filaya in ta saki, ka mayar, sannan ka kama na gaba. Aikin awa guda ne, mai gundura, amma na sha ganin fitilar da ake cewa ta mutu ta dawo da haskenta bayan wannan kaɗai. A mai bolt 6 abin ya fi tsanani, domin in datti ya cinye bolt ɗaya, kashi ɗaya cikin shida na wutarka ya tafi. In kana so ka tabbatar da mita, kunna fitilar, sa baki ɗaya a kan batir mai wuta, ɗaya a wayar da ke shiga ƙwan. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya salwanta a hanya. In ya haura rabin bolt, akwai datti a makulli, ko a makunnin hannu, ko a wani mahaɗi.

Wuri na uku shi ne wuyan babur, inda damin wayoyi yake lanƙwasa duk sanda ka juya kai. Shekara arba'in ana lanƙwasa tagulla, dole ta karye, kuma a ciki take karyewa, robar waje tana nan lafiya. Alamarsa: inji ya mutu ko fitila ta ɗauke in ka karya kai hagu ko dama har ƙarshe. Bar inji yana aiki, ka riƙa murza damin da hannu a hankali. In ka gano wayar, ja ta kaɗan, wurin da ya karye zai miƙe kamar cingam. Kada a yi haɗin a daidai wurin lanƙwasar. A yanke mai tsawo, a sa sabuwar waya, haɗin ya faɗa inda ba ya motsi, a liƙe da dalma. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif ba ya kai wata uku a Dubai, zafi yana narkar da gam ɗin ya zame.

Launi ba ɗaya ba ne

Ga kuskuren da ya ƙone wayarin mutane da yawa. Kowane kamfani da nasa launin. A Honda, kore shi ne at, ja daga batir yake, baƙi kuma shi ne mai wuta bayan an buɗe makulli. A Yamaha, baƙi shi ne at, ruwan ƙasa ne mai wuta bayan makulli. A Suzuki, at baƙi ne mai farin layi, mai wuta kuma ruwan lemo. To ka ga yaron da ya saba da Yamaha, in ya kama Honda ya ɗaure baƙar waya a firam, yana buɗe makulli fiyus zai tashi, in babu fiyus hayaƙi ya tashi. Baƙi mai farin layin nan da yake at a Suzuki, a ƙananan Honda masu maganeto shi ne wayar kashe inji. In ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ka yini kana buga kik filogi ba zai ba da wuta ba. Zare ta daga mahaɗinta ka sake gwadawa. In ya tashi, kwayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, makulli ko wayar ce.

Sauran launukan Honda da za su yi maka amfani: ruwan lemo siginar hagu, shuɗi mai haske siginar dama, ruwan ƙasa fitilar baya, kore mai layin rawaya fitilar birki. Masu tsofaffin baburan Ingila kuwa, BSA, Triumph da Norton, su kula ƙwarai: yawancinsu kan batir mai alamar tarawa ne yake zuwa firam, kuma jar waya ita ce at. Akasin abin da hannu ya saba.

Duk da haka, kada ka amince da launi ido rufe. Babur mai shekara hamsin ya ratsa hannun masu gyara goma, kowa ya sa wayar da ya samu a ƙasa. Gwada da ƙwai kafin ka haɗa.

In fiyus yana ta ƙonewa, kada ka ƙara masa girma, kada kuma ka naɗe shi da takardar sigari ko zaren waya kamar yadda muke yi a gida. Fiyus yana mutuwa ne don wayarin ya rayu, kuma damin wayoyin nan ƙarƙashin tankin fetur yake bi. Maimakon ka ƙone fiyus goma kana nema, cire shi ka maƙala ƙwan gwaji a gurbinsa. Kashe fitilu duka, buɗe makulli. Muddin akwai inda waya ke taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska da ƙarfi, kuma babu abin da zai ƙone. Sai ka bi mahaɗai kana zarewa. Wanda ka zare haske ya dushe, layinsa ne. Duba inda kujera ke danne waya, da ƙarƙashin tanki, da cikin madigadin baya inda taya ke gogar ta.

Sigina da ta kama ta tsaya ba ƙiftawa, yawanci batir ne ya yi sanyi ko ƙwai ɗaya ya mutu, don tsohuwar filasha da zafin wutar da ke ratsa ta take aiki. Shi ya sa in ka sa ƙwan LED, wanda ba ya cin wuta sosai, sai ta ƙi ƙiftawa ko ta riƙa yi da sauri kamar mai firgita. Sai an canza filashar ita ma.

Maleji

Malejin tsohon babur ba ruwansa da batir, in ban da ɗan ƙwan da ke haska fuskarsa. Yawanci tayar gaba ce ke tuƙa shi. A cibiyar taya akwai ɗan akwatin giya mai haƙora, yana juya wata siririyar waya mai lanƙwasuwa da ke cikin kebul, bakinta mai kusurwa huɗu. A sama, wayar tana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyam. Ba sa taɓa juna, amma juyin maganaɗisun yana jan kofin, wani sifirin siriri kamar gashi kuma yana riƙe shi. Iya saurin juyi, iya nisan da allura za ta tafi. Wani injiniya Bajamushe, Otto Schulze, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1902, kuma ita ce a kan yawancin babura har zuwan na lantarki. Lambobin da ke ƙirga nisa kuwa, ƙananan giya ne ke juya su daga wannan kebul ɗin.

Sanin haka ya raba maka aiki biyu. In allura ta mutu, lambobi ma sun tsaya, juyi ba ya isowa: kebul ne ko giyar taya. In lambobi suna tafiya allura ce kaɗai ta kwanta, kebul lafiya yake, matsalar tana cikin kan malejin.

Ɗaga tayar gaba, kwance kebul daga ƙasan maleji, ka juya taya. Wayar ciki ta kamata ta juya. Riƙe ta da yatsu biyu kaɗan. In ta tsaya alhali taya tana juyawa, ko kusurwoyin bakinta na ƙasa sun cinye, ko haƙoran giya sun tafi. In ka ja ta ta fito guntuwa, ta tsinke. Ka kuma tambayi kanka: yaushe aka cire tayar gaba? Akwatin giyar yana da kunnuwa biyu da suke shiga gurbinsu a cibiyar taya. Mai faci in yana sauri sai ya mayar da taya bai daidaita su ba, ya ɗaure noti da ƙarfi, kunnuwan su lanƙwashe. Maleji da yawa ranar faci suka mutu, mai su bai lura ba sai bayan sati.

Allura mai rawa, tana tsalle tsakanin 40 da 70, kusan kullum kebul ne. Ko ya bushe, ko ya taɓa karyewa a wani wuri, ko an bi da shi ta lungu mai tsanani. Wayar tana maƙalewa, ta tara ƙarfi, ta kufce, allura ta yi tsalle. Zare wayar ciki, wanke ta da kananzir, riƙe bakinta biyu ta yi lanƙwasa kamar baka, ka murza ta tsakanin yatsu. In ta juya sumul, shafa mata giris mara nauyi ka mayar. In tana fizga, ta gama aiki. Amma bar kamu guda na sama babu giris. Juyin wayar yana tura maiƙo sama, ya shiga tsakanin maganaɗisu da kofi, allura ta riƙa tashi ƙarshe ko ta yi nauyi. A zafin nan giris narkewa yake yi, abin ya fi sauri.

Don gwada kan malejin shi kaɗai, sa bakin kebul na ƙasa a injin huda, ka juya a hankali. Yawancin na Japan sai ka sa injin a juyin baya allura take tashi. In ta hau ta tsaya cak, kai lafiya yake. In yana kuka kamar ɓera, bushin ɗin da kebul ke shiga ya bushe, ɗigon mai ɗaya ko biyu ya isa. Buɗe kan maleji kuwa ban ba sabon hannu shawara ba. Zoben bakinsa matse shi aka yi da inji, sifirin ɗin kuma in ka taɓa shi da yatsa ya tashi daga aiki.

In za ka sayi kebul, tafi da tsohon a hannu, ko a shagunan kayan gyara na Deira wajen Naif, ko wurin masu tsofaffin kaya a unguwannin masana'antu na Sharjah. Wanda zai zo daga gida ma yana iya riƙo maka daga Abossey Okai ko Magazine, musamman na CG, tunda baburan China da suka cika Ghana da Najeriya da yawansu a kan ƙirarsa aka yi su. Auna tsawon wayar da ta leƙo a sama. In ta fi tsohuwar tsawo, kana ɗaure noti za ta danna maganaɗisu ta lalata kan da ba shi da laifi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne malejin da yake aiki sumul amma ba daidai ba. Wanda ya mutu ka san ya mutu. Maganaɗisu in ya tsufa ƙarfinsa yana raguwa, allura ta nuna ƙasa da gudun da kake yi. Sifirin in ya saki, ta nuna sama. Girman taya ma yana canza lissafi. In babur ya zo da 2.50-18 a gaba ka sa masa 3.00-18 don ya yi kyan gani, tayar ta ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari, kana kan 100 maleji yana ce maka 96. Haka in aka ɗauko kan maleji daga wani babur. Duba ƙasan fuskarsa ko bayansa, na Japan da yawa an rubuta 60 km/h da 1400 rpm, wato kebul yana juyi 1400 a kowace kilomita. Masu mil kuma an rubuta 60 mph da 2240, wanda kusan lissafi ɗaya ne. Saboda haka mai babur ɗin Amurka yana iya sa kai mai kilomita ba tare da canza giyar taya ba, in alƙaluman nan sun dace. Kan Smiths na Ingila nasa lissafin daban ne, ba ya jituwa da giyar Japan.

Gwaji mafi sauƙi yana aljihunka. Ɗaure waya a kan babur, buɗe manhajar da ke nuna gudu ta tauraron ɗan'adam, nemi miƙaƙƙen titi da sassafe, ka riƙe 40, sannan 60, sannan 80, kana lura da bambanci. Kada ka riƙe wayar a hannu, wannan ma tara ce. Kuma kada ka jingina da rarar kilomita 20 ɗin nan. Abu Dhabi ta soke ta tun Agusta 2018, can lambar da ke jikin allo ita ce iyaka.

Ɗan'uwanmu bai samu kai mai kilomita ba tukuna. Abin da muka yi kafin nan, mun yanka siraran farin salatif mun manna a gilashin malejin: ɗaya a kan 25, wato kilomita 40, ɗaya a 37, wato 60, ɗaya a 50, wato 80. Na ce masa a Al Ittihad allura kada ta wuce na ukun.

Saura maganar sabunta mulkiya. Duk abin hawa da ya wuce shekara uku sai an kai shi gwaji kowace shekara, mu a nan Tasjeel ta Al Qusais ce kusa da mu. Za a duba fitilar gaba, da ta birki, da sigina, da hon. Ba a fafe gora ranar tafiya, a bi wayoyin nan sati biyu kafin ranar, don in wani abu ya ɓaci a samu lokacin nemo shi. Wanda babur ɗinsa ya haura shekara 30 ya tambayi RTA game da rajistar abin hawa na tarihi, tana da nata sharuɗɗan. Kuma in gyara zai ɗauki kwanaki, kada a bar babur a kwance a bakin titi, tanki a gefe, ƙura ta rufe shi. Hukumar birni tana manna wa irin wannan takarda, in ba a ɗauke ba ta kwashe.